Adana kawunan albasa zuwa lokacin dashe

Albasa na daga cikin tsirran da ba su ba da iri sai sun yi zango biyu a gona. A zangon farko takan yi kai. Sai an adana wannan kan, an sake binne shi a zango na biyu, sannan ya yi fure ya ba da ƙwayar iri.

Ke nan manomin da ke son samar da irin kansa tilas ne ya riƙe kawunan albasa tun daga girbi a watan Maris ko Afrilu, har zuwa Oktoba ko Nuwamba, wato kimanin watanni shida zuwa bakwai.

Idan ajiyar ta lalace, sai ya koma sayen iri a kasuwa. Ita kuwa ƙwayar irin albasa ba ta da juriya, domin ƙarfin tsirarta kan ragu ƙwarai bayan shekara guda.

Matsalar damina

A yankin Zariya akasari ana noman albasa ne da rani, a fadamu irin na bakin kogin Galma. Sai dai lokacin ajiyarta yakan faɗo cikin damina.

Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma ya fi yawa a watan Agusta. An kafa cibiyar ne a 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962.

Laima ita ce babbar abokiyar gabar albasa, domin tana jawo ruɓa da fitar saiwa. Masana aikin gona na ba da shawarar kada danshin iska a ma'ajiya ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari.

Zafi shi kaɗai ba ya sa albasa tsira. Takan yi barci a tsananin sanyi, ko kuma a zafin da ya haura digiri 25 a ma'aunin Selsiyas. A tsakanin waɗannan biyu ne ta fi saurin tofowa.

Shiri tun daga gona

Ajiya mai kyau tana farawa ne kafin girbi. Ana dakatar da ban ruwa kimanin makonni biyu kafin a tone, kuma ana jira sai fiye da rabin lawashin ya kwanta.

Yawan takin zamani a ƙarshen zango yana sa wuyan albasa ya yi kauri, irin wannan kuwa ba ta daɗewa.

Bayan an tone, sai a shanya ta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe, ɓawon ya yi ƙayau. Wajen yanke lawashi ana barin santimita biyu zuwa uku, don kada ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Kawunan da ake ware wa iri su ne matsakaita masu tauri da launi ɗaya. Ana fitar da masu rauni, da tagwaye, da waɗanda suka riga suka yi fure.

Wurin ajiya

Sharuɗɗan uku ne: inuwa, da iska, da nisa daga ƙasa. A ƙasar Sakkwato da Kebbi, da kuma yankin Galmi na Jamhuriyar Nijar, manoma kan yi amfani da rudu, wani ɗakin kara da ciyawa mai dandamali, wanda iska ke ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Ba a tula albasa da tudu, ba a kuma ƙulle ta cikin buhun leda. Akan duba ta duk bayan mako ɗaya ko biyu a tsame ruɓaɓɓu, domin guda ɗaya kan ɓata na kusa da ita.

Haka abin yake a ƙasar Holan game da furen tulif, wanda shi ma daga kai yake tsira. Ana tone kawunansa idan ganyen ya bushe, a adana su a busasshen wuri mai iska, a binne su kafin hunturu. Bambancin shi ne tulif na buƙatar sanyi na makonni 12 zuwa 16 kafin ya yi fure, abin da hunturun Zariya ba ya bayarwa. Albasar wannan yanki kuwa sanyin Disamba da Janairu ya ishe ta.

Jarrabawar kasuwa

A kasuwar Sabon Gari, kamar sauran kasuwannin arewa, albasa kan yi araha da girbi, ta kuma yi tsada a ƙarshen damina, daidai lokacin da ya kamata a mayar da kawunan iri gona.

A nan ne manomi kan shiga tsaka mai wuya: ya sayar ya biya buƙatar gida, ko ya daure ya binne. Shi ya sa ake ba da shawarar a ware na iri daban da na sayarwa tun ranar girbi, a kuma ajiye fiye da abin da ake buƙata, domin ko yaya aka kula, sai wani kaso ya salwanta.