Kwalejin Katsina da 'Ya'yanmu Maza

Ina son mu ɗan waiwayi tarihin garinmu, Katsina ta Dikko ɗakin kara, don akwai darasi a ciki ga duk mai ɗa namiji.

Tun kafin zuwan Turawa garin nan matattarar malamai ne. Hasumiyar Gobarau shaida ce, haka ma kushewar Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani. Saboda wannan suna, da kuma goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Aikinta shi ne horar da malaman makaranta don lardunan Arewa.

To, su wa suka zo? Yara ne ƙanana daga Sakkwato, Bauchi, Borno da sauransu, wasu ma a ƙafa suke tafiyar kwana da kwanaki. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya gama a 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan sarki ba ne, ya shiga a 1928 ya gama a 1933. Ɗaya ya zama Firimiyan Arewa, ɗaya Firayim Ministan Nijeriya. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Abin da nake tunani kullum shi ne iyayensu mata. A lokacin ana tsoron boko ƙwarai, amma suka daure, suka ɗaura wa yaran guzuri, suka sa masu albarka.

Yau fa? Makaranta na bayan gida, amma sai ki ga mun sa wa 'ya mace ido, namiji kuwa mun sake shi wai ai namiji ne. Ya wuni majalisa, ya kwana gidan kallo, daga nan sai shaye-shaye. Haba 'yar uwa! Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki tashe shi da asuba, ki ba shi abin kari, ki duba littafinsa ko da ba ki iya karatu ba, ki san abokansa, ki tuna wa maigida ya leƙa wajen malaminsa. Yaron nan shi ne mijin 'yar wata gobe.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.