William Henry Hastie (1904-1976): Lauyan Gwagwarmaya a Kujerar Alƙali

1. Gabatarwa

Masu nazarin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka sukan tsaya a kan sunaye biyu: Martin Luther King a fagen wa'azi da jerin gwano, Thurgood Marshall a fagen shari'a. Ba safai ake ambaton William Henry Hastie ba, alhali kuwa yana cikin malaman da suka koyar da Marshall a jami'a, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya zama alƙalin tarayya a 1937, sannan na farko da ya hau kujerar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a 1949.

A cikin wannan maƙala za mu bi rayuwarsa daki-daki, muna riƙe da tambaya guda: idan lauyan da ya shekara ashirin yana kare haƙƙin jama'arsa ya zama alƙali, me ya kamata ya yi da wannan gwagwarmaya? Ya shiga da ita zauren shari'a, ko ya tuɓe ta a bakin ƙofa? Amsar da Hastie ya bayar ta jawo masa girmamawa, ta kuma sa ya rasa kujerar Kotun Ƙoli.

2. Matsayin kotun

Kafin mu shiga tarihin mutumin, ya dace mu fayyace kujerar, domin ta bambanta da abin da muka saba da shi a tsarin da Nijar ta gada daga Faransa. A wurinmu alƙalanci aiki ne da ake shiga tun da ƙuruciya, a sami horo, a yi ta hawa mataki-mataki. A Amurka shugaban ƙasa ne ke zaɓen alƙalin tarayya, galibi daga cikin gogaggun lauyoyi ko malaman jami'a, majalisar dattawa ta amince, daga nan ya riƙe kujerar muddin ransa, sai fa idan shi ya sauka ko an tsige shi bisa babban laifi. Saboda haka siyasa tana nan tsaye a ƙofar shiga, amma wanda ya wuce ƙofar ba ya tsoron kora.

An kafa kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya a 1891. Suna tsakanin kotunan matakin farko da Kotun Ƙoli, kuma alƙalai uku-uku ke sauraron yawancin ƙararraki. Tun da Kotun Ƙoli ba ta karɓar sai ƴan kaɗan daga cikin ƙararrakin da ake kai mata, hukuncin waɗannan kotuna shi ne na ƙarshe ga mafi yawan masu ƙara. Wani bambancin kuma shi ne, alƙalin da bai yarda da ra'ayin rinjaye ba yana da damar rubuta saɓaninsa da sunansa, a buga shi tare da hukuncin, abin da al'adar shari'ar Faransa ba ta sani ba. Za mu ga amfanin da Hastie ya yi da wannan dama.

3. Tasowa da karatu

An haifi Hastie ranar 17 ga Nuwamba 1904 a Knoxville, jahar Tenesi. Mahaifinsa akawu ne a ofishin fansho na gwamnatin tarayya, mahaifiyarsa malamar makaranta ce. Iyalin sun koma Washinton, inda ya shiga makarantar sakandaren Dunbar, wadda aka keɓe wa baƙaƙe amma ta yi suna wajen ingancin karatu. A 1925 ya gama kwalejin Amherst a matsayi na ɗaya a ajinsu. Ya yi koyarwa shekara biyu, sannan ya tafi Jami'ar Harvard, ya sami digirin lauya a 1930 da digirin digirgir a 1933.

Wanda ya fi tasiri a kansa shi ne ɗan uwansa Charles Hamilton Houston, wanda ya mayar da sashen koyon lauya na Jami'ar Howard wurin horar da lauyoyin da za su yaƙi wariya a kotu. Dokar da suke fuskanta ita ce hukuncin shari'ar Plessy da Ferguson na 1896, wanda ya halatta raba farare da baƙaƙe muddin an ce abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake. Dabarar Houston ita ce a yi ta sassaƙar wannan hukunci ƙara bayan ƙara, a fara da inda rashin daidaiton ya fito fili, maimakon a kai masa sara ɗaya da zai iya kuskurewa. Hastie ya koyar a Howard, kuma a 1933 ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙe ta tura shi Karolina ta Arewa ya tsaya wa Thomas Hocutt, wanda jami'ar jahar ta hana shi shiga sashen haɗa magunguna. Sun faɗi a shari'ar, saboda shugaban kwalejin da Hocutt ya fito ya ƙi ba da takardar sakamakonsa. Darasin da lauyoyin suka ɗauka shi ne, gaskiya kaɗai ba ta cin shari'a sai takardu sun cika.

4. Aiki cikin gwamnati da murabus

Daga 1933 zuwa 1937 Hastie ya yi aikin lauya a ma'aikatar cikin gida a zamanin shugaba Franklin Roosevelt. A nan ya sa hannu wajen tsara dokar 1936 ta mulkin Tsibiran Birjin, waɗanda Amurka ta saya daga Danmak a 1917 a kan dala miliyan 25. A 1937 Roosevelt ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya ta tsibiran. Kujera ce mai wa'adi, nesa da babban yankin ƙasar, a wurin da mafi yawan mazauna baƙaƙe ne. Bayan shekara biyu ya ajiye ta, ya koma Howard a matsayin shugaban sashen lauya.

A ƙarshen 1940, ana gab da zaɓen shugaban ƙasa kuma Roosevelt yana bukatar ƙuri'un baƙaƙe, aka naɗa Hastie mai ba sakataren yaƙi Henry Stimson shawara kan al'amuran sojoji baƙaƙe. Ya shekara biyu yana rubuta rahotanni game da keɓe su a barikoki, da hana su muƙamai, da ware jinin da suka bayar daga na farare. Ana karɓar rahotannin, ana ajiyewa. Da ya ji cewa rundunar jiragen sama na shirin buɗe makarantar hafsoshi ta baƙaƙe zalla a jahar Misuri ba tare da an tuntuɓe shi ba, sai ya yi murabus a Janairu 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya kuma bayyana dalilansa ga jama'a. Hujjarsa a bayyane take: zamansa ya fara zama mayafi ga abin da aka ɗauke shi ya gyara. A shekarar NAACP ta ba shi lambar girma ta Spingarn. Sai a Yuli 1948 shugaba Harry Truman ya ba da umarnin kawar da bambancin launi a cikin soja.

5. Shari'o'i biyu a Kotun Ƙoli

Bayan murabus ɗin ne Hastie da tsohon ɗalibinsa Marshall suka ci shari'o'i biyu masu nauyi. Ta farko ita ce ta Smith da Allwright a 1944. A jahar Teksas jam'iyyar Dimokurat ta hana baƙaƙe shiga zaɓenta na fidda gwani, kuma a 1935 Kotun Ƙoli ta yarda da haka bisa hujjar cewa jam'iyya ƙungiya ce mai zaman kanta. To amma a kudancin Amurka na wancan lokaci jam'iyya ɗaya ce ke cin kowane zaɓe, don haka wanda aka hana zaɓen fidda gwani an hana shi zaɓe gaba ɗaya. Lauyoyin suka nuna cewa dokar jaha ce ke tsara wannan zaɓe, saboda haka aikin hukuma ne, kuma tsarin mulki ya hau kansa. Alƙalai 8 suka yarda, 1 ya saɓa.

Ta biyu ita ce ta Morgan da jahar Barjiniya a 1946, kuma ita ta fi nuna irin tunanin Hastie. An kama Irene Morgan a 1944 cikin bas mai zuwa Baltimore saboda ta ƙi tashi ta ba farare wuri. Lauyoyin ba su gina ƙararsu a kan daidaiton ɗan Adam ba, domin sun san hukuncin 1896 yana nan daram. Sun kama sashen tsarin mulki da ya ba majalisar tarayya ikon tsara ciniki da sufuri tsakanin jahohi, suka ce jaha ɗaya ba ta da hurumin ɗora wa motar da ke ƙetare iyakoki dokar zamanta. Suka kafa hujja da wani hukunci na 1878 wanda ya rushe dokar jahar Luwiziyana mai hana wariya a jiragen ruwa bisa wannan dalili. Wato makamin da aka kare wariya da shi a da, shi suka juya a kanta. Kotu ta ba su gaskiya.

Sai dai hukunci daban, aiwatarwa daban. Kamfanonin sufuri da ƴan sandan kudu sun ci gaba da raba fasinjoji, har sai da matasa suka shiga motoci a 1947 da 1961, aka daure wasu, aka yi wa wasu dukan kawo wuƙa, kafin hukumar sufuri ta tarayya ta tilasta dokar a ƙarshen 1961. Wannan ita ce iyakar hanyar kotu, kuma dole mai auna aikin Hastie ya sa ta a ma'auni.

6. A kujerar ɗaukaka ƙara

Truman ya naɗa Hastie gwamnan Tsibiran Birjin a 1946. A zaɓen 1948 ya zaga yana nema wa Truman ƙuri'un baƙaƙe, kuma a Oktoba 1949, majalisa tana hutu, aka naɗa shi a kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na uku, mai zama a Filadelfiya, wadda ke kula da jahohin Pensilbaniya, Niyu Jazi da Delawaya tare da tsibiran. Majalisar dattawa ba ta tabbatar da shi ba sai a Yuli 1950, bayan an daɗe ana zarginsa da hulɗa da ƙungiyoyi masu ra'ayin gurguzu, zargin da a wancan zamani ya isa ya kashe aikin mutum.

Ya zauna a wannan kotu har ƙarshen rayuwarsa, ya shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. Daga cikin ɗaruruwan hukunce-hukuncen da ya rubuta, kaɗan ne suka shafi wariya, domin manyan ƙararrakin makarantu da zaɓe daga kudu suke fitowa, yankinsa kuwa na masana'antu ne: haraji, kwangila, rikicin ma'aikata, haɗarin jiragen ruwa. An san shi da taƙaita hukunci a kan abin da aka kawo gabansa, da bin abin da magabata suka yanke.

Inda aka fi jin muryarsa shi ne wajen saɓani. A 1955 kotun ta tabbatar da ɗaurin shugabannin jam'iyyar gurguzu na Pittsburgh ƙarƙashin dokar Smith ta 1940. Hastie, wanda shekara biyar kafin nan aka jefe shi da irin wannan zargi, ya saɓa wa rinjaye. A 1956 Kotun Ƙoli ta soke ɗaurin bayan da amincin wani mai ba da shaida na gwamnati ya rushe. A 1969, cikin shari'ar Lemon da Kurtzman, abokan zamansa biyu sun halatta dokar Pensilbaniya ta 1968 mai biyan makarantun addini kuɗin koyar da darussan boko daga baitulmali. Shi ya ce wannan ya cuɗa hukuma da addini fiye da yadda tsarin mulki ya yarda. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, kuma ma'aunin da ta kafa a ranar ya yi aiki shekara hamsin kafin ta ajiye shi a 2022.

7. Kujerar da bai samu ba

A 1962 gurbi ya buɗe a Kotun Ƙoli, kuma sunan Hastie yana cikin waɗanda shugaba John Kennedy ya duba da gaske. Abubuwa biyu suka tare shi. Na farko, ƴan majalisar kudu, waɗanda Kennedy ke bukatar ƙuri'unsu. Na biyu ya fi ban mamaki: kamar yadda Robert Kennedy ya ba da labari daga baya, alƙalin alƙalai Earl Warren, jagoran masu ra'ayin sauyi a kotun, ya ƙi shi bisa ganin cewa ba zai goyi bayan sauye-sauyen da suke yi ba. Ƴan kudu sun ƙi shi don launinsa, masu neman sauyi sun ƙi shi don taka-tsantsan ɗinsa. Byron White ya sami kujerar, kuma a 1967 Marshall ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli.

A ƙarshen shekarun 1960, da matasa baƙaƙe suka fara kiran a ware musu nasu makarantu da cibiyoyi, Hastie ya fito ya soki wannan ra'ayi, domin a ganinsa wariya wariya ce ko wane ne ya nema. Wasu daga cikinsu suka ɗauke shi mutumin da zamani ya wuce. Ya rasu ranar 14 ga Afrilu 1976 kusa da Filadelfiya.

8. Kammalawa

Ana iya karanta wannan rayuwa a ce kashi biyu ce: matashi mai zafi, dattijo mai sanyi. Abin da muka gani bai goyi bayan wannan karatu ba. Lauyan da ya zaɓi sashen sufuri a 1946 don ya san nan ne kotu za ta iya bin sa, shi ne alƙalin da ya ƙi wuce abin da doka ta ba shi. Ya yi imani cewa marar ƙarfi ba shi da garkuwar da ta fi alƙalin da ba a san ɓangarensa ba tun kafin zama, domin ya ga abin da alƙalai masu ɓangare suka yi wa jama'arsa a kudu.

Akwai abin cewa a kan wannan matsayi. Dokar da ya yi wa biyayya ita ce ta ɗauki wariya shekara 58, daga 1896 zuwa 1954, kuma alƙalan da suka yarda su karya abin da magabata suka yanke ne suka kawar da ita, kamar yadda suka yi masa shi kansa a shari'ar Smith. Lauya Hastie ya ci moriyar ƙarfin halin da alƙali Hastie ya yi ta tsantseni da shi. Ana iya ba shi uzuri da cewa alƙalin tsakiya ba shi da ikon da Kotun Ƙoli ke da shi na soke tsohon hukunci. Wannan uzuri gaskiya ne, amma bai rufe muhawarar ba, kuma ita ce muke ganin ta cancanci ƙarin nazari ta hanyar kwatanta hukunce-hukuncensa da na alƙalan yanki na biyar, waɗanda ƙararrakin kudu suka faɗo a hannunsu a shekarun 1950 da 1960.