Yadda Dutse Ya Matso Kusa da Yaran da Aka Kulle

A shekarar 1965, makarantar Willowbrook da ke tsibirin Staten a birnin New York tana ɗauke da masu lalurar ƙwaƙwalwa fiye da 6,000, alhali don 4,000 aka gina ta. Sunan makaranta kawai take amsawa. Yaro kan wuni a ɗaki ɗaya, ba wasa, ba fita. Likitocin zamanin su ke ba iyaye shawarar su kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje, su dangana. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara, Amurkawa suka gani da idonsu, amma ba a rufe gidan ba sai 1987.

Kafin nan, wata mace ta fara ja da wannan tunani. Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar Shugaba Kennedy, tana da yaya mai suna Rosemary da ke fama da lalurar. A 1962 ta buɗe wa irin waɗannan yara filin gidanta a Maryland, suna ninƙaya, suna hawan doki. Daga nan aka haifi gasar Special Olympics, wadda 'yan wasa kimanin 1,000 suka halarta a Chicago a 1968.

Shi kuwa dutse, bango ne ya matso da shi kusa da irin waɗannan yara. A 1964 Don Robinson, malamin motsa jiki a Jami'ar Leeds ta Ingila, ya kakkafa gutsattsarin duwatsu a jikin wani bango domin masu hawan dutse su riƙa atisaye a cikin gini. Ba yara ya nufa ba, sai dai sun ci moriyar dabarar sosai. A irin bangon yau, ana ɗaura wa yaro ɗamara a ƙugu, igiya ta bi ta sama ta sauko hannun babba da ke tsaye a ƙasa. In ƙafa ta zame, lilo kawai zai yi. Mariƙan bangon kala-kala ne, yaro ya bi ja ko kore, hannu ɗaya bayan ɗaya. Babu abokin hamayya, babu hayaniyar fili, abin da ke sauƙaƙa wa yaron da cinkoso ke firgitawa. Masu gashin ƙashi a Jamus da Ostiriya har cikin aikinsu suka shigar da hawan, don ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa.

Hawan dutse na gaske yana buƙatar taka-tsantsan, musamman ga masu lalurar Down, domin kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haihuwarsu, sama kuma iskar shaƙa ƙaranci take yi. Duk da haka, a watan Maris na 2013, Eli Reimer, matashi ɗan jihar Oregon mai wannan lalura, ya taka da ƙafarsa tare da mahaifinsa har sansanin gindin Everest a Nepal, mita 5,364 sama da teku. Shekarunsa ba su wuce 16 ba.