Agogonmu Ya Riga Rana: Tarihin Lokaci a Kafanchan

Mutanenmu mazauna Amurka da Ingila sun saba tura agogo gaba da awa ɗaya a watan Maris don su samu hasken yamma, su mayar da shi baya idan sanyi ya kawo kai. Yanzu a can ana ta muhawara: a bar shi gaba dindindin, ko a bar shi kusa da tafiyar rana? A 2022 Majalisar Dattawan Amurka ta amince a bar shi gaba, amma Majalisar Wakilai ba ta bi ta ba. Wannan ya sa muka waiwayi namu tarihin, domin mu ma an taɓa yanke mana irin wannan hukunci.

Kakanninmu a Zangon Kataf da Jama'a da rana suke auna lokaci: asuba, hantsi, azahar, la'asar, almuru. Kowane gari da tasa tsakar rana, ba wanda ya damu. Turawan mulki ne suka zo da agogo guda. A Janairun 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, an sa agogon Nijeriya ya riga na Landan da rabin awa. A ranar 1 ga Satumba 1919 aka mayar da shi awa ɗaya cur, kuma a kansa muke har gobe.

Jirgin ƙasa ne ya kawo wannan agogo ƙofar gidanmu. Zuwa 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Dogo ɗaya jirage suke bi zuwa da dawowa, don haka dole kowace tasha ta riƙe lokaci guda, in ba haka ba a yi karo.

Ga lissafin. Rana tana kaiwa tsaka a Kafanchan kimanin minti 33 kafin Landan. Ke nan agogon 1914 ya yi mana daidai, na 1919 kuwa ya tura mu gaba da kusan rabin awa. Shi ya sa rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen 12:30, kuma a Janairu sai kusan ƙarfe 7 take fitowa, yara na shirin makaranta cikin hazo da hunturu. Abin da Amurkawa ke jayayya a kai, mun haura shekara 100 muna ciki.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne muna kusa da tsakiyar duniya. Bambancin doguwar rana da gajeriya a nan bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Amurka ta gwada barin agogo gaba a Janairun 1974, iyaye suka koka yara na tafiya makaranta cikin duhu, kafin shekara ta ƙare aka janye.

Agogo dai yarjejeniya ce ta mutane, ba ya ƙara wa yini ko minti ɗaya. Hasken da aka ba yamma, daga safe aka ɗebo shi, kuma ɗan makaranta da mai sammakon kasuwa ne ke biya. A 1919 ba a tambayi kakanninmu ba. Duk ranar da aka zo da batun sauya lokacin makaranta ko na aiki, mu tabbata an ji ta bakinmu. Allah Ya sa mu dace.