Sufayen Beljiyam da Tukunyar Giya

A ƙasar Beljiyam akwai waɗansu gidajen sufaye da suka yi suna a duniya saboda giyar da suke dafawa. Kirista da ya ga yadda burukutu ya rushe gidaje a garinsu zai yi mamakin jin wannan. Ta yaya mutanen da suka keɓe kansu domin addu'a za su riƙe tukunyar giya? Tarihinsu ne yake ba da amsa.

Tushen abin shi ne ƙa'idar da Waliyi Benedict ya rubuta a Italiya cikin ƙarni na 6. Ya koya wa sufaye su ci daga aikin hannuwansu. Ya ce da ma a bar ruwan inabi ɗungum, amma da yake ya san kasawar mutum, sai ya yanka ma'auni kaɗan na kowace rana. Ya kuma gargaɗe su kada kwaɗayi ya shiga cinikin abin da suka sana'anta. A shekara ta 1664 shugaban gidan sufaye na La Trappe a Faransa, Armand de Rancé, ya komar da 'yan'uwansa ga tsananin wannan ƙa'ida. Daga sunan gidan ne aka sami sunan Trappist.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya warwatsa sufayen. Waɗansu daga cikinsu suka zauna a Westmalle, kusa da Antwerp, a 1794. Ƙasar nan ta sha'ir ce, inabi ba ya albarka sosai, saboda haka giya ce abin shan talaka. A 1836 suka fara dafa ta domin teburinsu, daga baya suka soma sayarwa a bakin ƙofa. Gidan Scourmont na Chimay, wanda aka kafa a 1850, ya bi sawu a 1862. Na Orval kuwa ya buɗe wurin dahuwa a 1931 domin a sami kuɗin sake gina gidan da sojojin Faransa suka ƙone a 1793.

Yadda ake yin ta bai yi nisa da na dawa ba. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa da furen wani tsiro mai ɗaci, sa'an nan a zuba yisti. Kafin a toshe kwalba akan ƙara sukari da yisti kaɗan, giyar ta ci gaba da nuna a ciki. Wadda ake kai kasuwa tana da ƙarfi, wata har ta kai kashi 10 cikin 100. Ta teburin sufaye kuwa ba ta wuce wajen rabin haka ba.

Da suna ya fita, 'yan kasuwa suka fara buga kalmar Trappist a kwalabensu. A 1962 kotu a birnin Ghent ta hana wannan. A 1997 gidajen suka kafa ƙungiya da sharuɗɗa uku: a yi giyar cikin harabar gidan sufaye, a ƙarƙashin kulawarsu, ribar kuma ta tafi ga bukatun gida da taimakon mabukata. Sharuɗɗan ba na baka ba ne. Sa'ad da sufaye na ƙarshe suka bar gidan Achel, giyarsa ta rasa hatimin ƙungiyar a 2021.

Babban gwaji ya zo wa gidan Waliyi Sixtus na Westvleteren a 2005, lokacin da masu ɗanɗana giya suka zaɓi tasu a kan ta fi kowace daɗi a duniya. Motoci suka yi layi a hanyar gidan. Sufayen suka ƙi faɗaɗa dahuwa, gama abin da suke samu ya ishe su, ƙari kuwa zai cinye lokacin addu'a.

Ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan giya ba. Da yawa sun hana ta sarai, suna kuwa da dalili mai nauyi. Afisawa 5:18 ta tsawata wa kowa a kan buguwa. Labarin sufayen nan bai ba mashayi hujja ba. Abin da ya nuna shi ne mutanen da suka sa wa cikinsu iyaka, suka sa wa aljihunsu iyaka, har ranar da duniya ta zo da kuɗi a hannu suka iya cewa ya isa.