Yadda Talabijin Mai Doro Ya Koma Abin Nema

A shekarar 1972, wani matashin injiniya mai suna Allan Alcorn ya shiga kanti a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya sayi ƙaramin talabijin ƙirar Hitachi mai hoto baƙi da fari a kan dala 75. Ya cusa shi cikin akwatin katako, ya haɗa masa wayoyi da ramin jefa kuɗi, aka kai shi wata mashaya da ake kira Andy Capp's Tavern a garin Sunnyvale. Ba a daɗe ba aka kira shi cewa na'urar ta lalace. Da ya buɗe sai ya tarar lafiyarta ƙalau, sulalla ne suka cika ma'ajin har suka toshe hanya. Wannan shi ne wasan Pong na kamfanin Atari, kuma daga nan kasuwar akwatin gem ta buɗe: dogon akwati mai tsayin mutum, da allo, da maɓallai, wanda ake tsayawa a gabansa a jefa kuɗi a yi wasa.

Abin da Alcorn ya saya kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba. Tun a 1897 wani masanin kimiyya Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, ya ƙera kwalbar da ta zama zuciyar talabijin. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, mai siririn wuya da faffaɗar fuska. Daga wuyan ake harbo tsinken lantarki, maganaɗisu ya riƙa karkata shi, ya bugi hodar da aka shafe bayan gilashin da ita, wurin ya haskaka. Tsawon wuyan nan ne ya ba talabijin doronsa. A 1926 Kenjiro Takayanagi na Japan ya nuna harafi a fuskar irin wannan kwalba, a 1954 kamfanin RCA ya fito da talabijin mai launi samfurin CT-100, sannan Sony ya kawo nasa samfurin Trinitron a 1968.

Da gem ya samu karɓuwa, sai aka daina ɗauko talabijin daga kanti. Kamfanoni irin su Wells-Gardner na Shikago da Electrohome na Kanada suka riƙa harhaɗa kwalba da wayoyinta tsirara, ba murfi ba abin kamo tasha, don akwatin gem kawai. A kanta aka ga Space Invaders na Taito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, da Donkey Kong na Nintendo a 1981. Waɗannan ukun a tsaye aka kafa allonsu, tsayi ya fi faɗi. Wasannin dambe da suka biyo baya, irin su Street Fighter II na Capcom a 1991, a kwance suka bar shi kamar talabijin na falo.

Dalilin da ya sa har yau ake neman kwalbar yana cikin yadda take zana hoto. Tsinken lantarkin layi-layi yake bi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kimanin layi 15,700 a daƙiƙa guda. Talabijin na gida yakan zana layuka ne kashi biyu, kashi na biyu ya cike giɓin na farko. Gem kuwa layi 240 ko ƙasa da haka yake zanawa, ya riƙa maimaita su a wuri ɗaya sau wajen 60 a daƙiƙa, sai siraran baƙaƙen layuka su rage a tsakani. Masu zanen wancan zamani da wannan gilashi a gabansu suka yi aiki. Sun san hasken ɗigo zai ɗan malala cikin na kusa da shi, don haka suka jera launuka yadda ido zai ga inuwa da laushi. In aka ɗora hoton a kan siririn allon zamani, mai ɗigogi ƙayyadaddu, sai ya fito murabba'i-murabba'i kamar ƙyallen da aka ja ya wuce ƙima. Ga kuma ɗan jinkiri kafin allon ya sarrafa hoton, wanda ɗan wasa ke ji a yatsunsa. Bindigar wasan Duck Hunt ta Nintendo ma ba ta aiki sai da kwalba.

Sha'awar haɗa akwati a gida ta kankama ne bayan Fabrairun 1997, lokacin da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin na'urorin gem. Mai zarto da falanki da tsohuwar kwamfuta sai ya iya tayar da akwati a garejinsa. A lokacin kwalba ba ta da wuyar samu. Amma a ƙarshen 2007 cinikin siraran talabijin ya zarce na mai doro a duniya, a 2008 Sony ya daina ƙera Trinitron, a Yunin 2009 manyan tashoshin Amurka suka bar tsohon tsarin watsa shiri. Mutane suka riƙa fito da talabijin bakin titi, masana'antun kwalba suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu mai son haɗa akwati farauta yake yi a kasuwar kayan gwanjo da ɗakunan ajiya. Yakan duba ko gilashin ya ƙone da tabon tsohon hoto, ko haske ya dusashe, sannan ya leƙa baya ya ga irin kafar da ke akwai. Mutanen Turai sun fi sa'a, domin talabijin ɗinsu na da kafar SCART mai haƙora 21, wadda ta samo asali daga Faransa, kuma tana karɓar ja da kore da shuɗi a rarrabe, yadda na'urar gem ke fitar da su. Ba'amurke sau da yawa sai ya buɗe talabijin ya yi masa tiyata. Aikin na da haɗari: kwalbar na aiki da wutar da ta kai bolt 25,000, tana iya riƙe ragowarta bayan an zare soket, gilashinta na ɗauke da dalma, mai inci 29 kuma kan kai kilo 40.

Mu ma labarin bai yi nisa da mu ba. Yawancin talabijin na hannu da aka riƙa shigo da su daga Turai suna da wannan kafa mai haƙora 21, kuma a kansu yara da dama suka fara wasa a gidajen gem na unguwa. Yau 'yan gwangwan ne ke fasa su don tagullar da ke naɗe a wuyan kwalbar. Kowace aka fasa ta tafi ke nan, don ba a ƙera wata. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma mai neman ganin Pac-Man yadda masu zanensa suka gan shi dole ya koma inda Alcorn ya fara: akwatin katako da talabijin na gida.