Muryar Abubakar Imam a Cikin Ruwan Bagaja

A shekarar 1933 ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar aka samu daga wannan yunƙuri, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Daga cikinsu Ruwan Bagaja ne ya fi ba da ƙarfi ga raha, kuma shi ne wanda mai karatu ya fi jin marubucinsa kamar yana zaune a gabansa. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana da shekara 22 a lokacin, yana kuma koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Manazarta sun daɗe da nuna cewa wasu labaran littafin aro ne daga littattafan Larabci. Haka ne. To amma idan labarin na aro ne, bakin da ya faɗe shi fa?

Imam bai ɓoye kansa ba, domin sunansa ya laƙaba wa tauraron, Alhaji Imam, ya kuma bar shi ya ba da labarinsa da kansa. Wani marubucin da ya yi haka, sai ya mai da takwaran nasa salihi. Shi kuwa sai ya yi shi ɗan duniya, mai wayo, wanda ba ya jin kunyar bayyana zambar da ya ƙulla. A duba karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a garin jahilai, inda Alhaji ya mai da kansa malami. Ya zana wata lanƙwasasshiyar alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, yadda duk mai ilimi zai yi, Alhaji kuwa ya ce jinjirin wata ne. Jama'a suka bi wanda ya nuna musu abin da idonsu ya sani, mai gaskiya ya sha kashi. Dariya ce, amma ta ɗan gidan malamai, wanda ya san yadda rawani ke rufe jahilci, ya kuma san mutanen da ke ɗaure wa hakan gindi. A ganina, bare ba zai iya wannan ba'a ba tare da ta zama cin mutunci ba.

Wannan murya ce ta sake bayyana a bakin aku a Magana Jari Ce, sai dai a can ta ƙara natsuwa, koyarwa ta fara rinjayar shaƙiyanci. Daga 1939, da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya daina buƙatar Alhaji ko aku, ya koma yi wa jama'ar Arewa magana da sunansa.